Idon Gwaggo na Hagu

Gwaggo yayar babanmu ce, kuma a masaƙa ta yi aiki mafi yawan rayuwarta, amma ba ta taɓa kunna inji ba. Aikinta zane ne. Furanni da layuka da 'yan siffofin nan da ake gani a jikin atamfa, wani ne yake zama ya zana su a takarda kafin su hau yadi, kuma Gwaggo na cikin masu wannan aikin. Da muna yara ba mu yarda ba. Mun ɗauka atamfa da adonta take zuwa duniya, kamar yadda zabuwa ke zuwa da ɗigonta.

Ba da niyyar zane ta shiga wurin ba. Kakanmu ya rasu tana 'yar budurwa, babanmu kuma bai gama firamare ba, sai ta ajiye karatu ta nemi aiki. Aka ba ta wankin buroshi da kwalaben fenti a ɗakin zane. Shugaban ɗakin wani dattijo ne mai kafaɗa ɗaya a karkace, ma'aikata na ce masa Tsaya-Tukuna, don duk abin da ka kai masa da wannan kalmar yake tarbarka. Wata rana ya tarar da ita tana wasa da ragowar fenti a bayan wata takarda da aka yar. Ta tsorata, ta ɗauka kora ce. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce mata gobe ta zo da wuri, ta zauna a teburin da ke bakin ƙofa, amma wankin buroshi na nan a kanta.

Shi ya koya mata abin da ya fi wuya a sana'ar, wato haɗa baki. Zanen atamfa maimaita kansa yake yi daga farkon yadi har ƙarshe, don haka dole gefen dama ya dace da gefen hagu, sama ta dace da ƙasa, yadda ido ba zai gane inda aka haɗa ba. Akan raba takardar biyu, a sauya wa ɓarayin wuri, a cike tsakiyar da ta buɗe. Gwaggo ta ce ta yi wata da watanni tana kuka a kan wannan kafin hannunta ya faɗa. Da ya faɗa kuwa, dattijon da kansa ya matsar da teburinta kusa da taga.

Sauran masu zanen, mujallu suke dubawa su samo abin yi. Ita Gwaggo a hanya take tsintar nata. Albasa da aka yanka biyu, sawun tayar keke a laka, tsatsar da ta ci kwanon rufi, man inji da ya zuba a ruwa a ƙofar garejin makanikai yana walƙiya kala-kala. In kuna tafiya da ita sai ku ga ta tsaya cak tana kallon ƙasa, ku ɗauka kuɗi ta gani, ashe bango ne ya tsage ko ganye ya bushe a wata irin siffa. Mijinta, wanda gyaran rediyo yake yi a wata 'yar rumfa, yakan ce shi dai ya auri mace mai neman abin da ba ta yar ba. Mutum ne mai barkwanci, kuma ba ya jin haushi in ta kwashe masa kayan aiki. Wata rana ta ɗauki allon cikin wata rediyo da ta mutu, koren nan mai siraran hanyoyin ƙarfe, ta tafi da shi wurin aiki. Daga shi ta fitar da wani zane, shuɗi mai duhu da layukan ruwan ɗorawa suna kewaya juna suna tsayawa a 'yan ɗigo. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Hanyar Tururuwa. An yi shekara da shekaru ana buga shi. Mijin nata yakan nuna mata mace sanye da shi a titi ya ce ga rediyonsa can tana tafiya.

A gefen yadin sunan masaƙar kaɗai ake rubutawa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba.

Allah bai ba su haihuwa ba. Da na shiga sakandare na koma wurinsu da zama, don gidansu ya fi kusa da makarantar, kuma a lokacin ne ta taɓa kai ni ɗakin zanen. Dogon ɗaki ne a saman bene, tagoginsa manya a jere, teburan a karkace suke kamar suna rusuna. Warin fenti da danƙo ya cika wurin, ƙarar injuna kuma tana tasowa daga ƙasa har kana jin ta a tafin ƙafa. A ƙarshen ɗakin akwai wani ƙaramin ɗaki mai kabad-kabad har rufi, inda ake ajiye kowane zane da aka taɓa yi tare da ƙyallen da aka fara bugawa. Ta buɗe ɗaya ta nuna mini nata, jibgi guda. Ta ce in ta tsufa za ta roƙi a bar ta ta zauna a nan ta riƙa kakkaɓe ƙura.

Ba ta kai ga tsufa a can ba. Yadi mai araha ya cika kasuwa daga waje, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, injunan suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ma'aikata suka tarar da ƙofa a kulle, aka ce kowa ya koma gida sai an neme shi. Gwaggo ta daɗe tana jiran a neme ta. Kullum sai ta wanke buroshinta ta jera su a kan taga, ko da ba ta yi amfani da su ba. Cikin wannan jiran mijinta ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Bayan rasuwarsa ta ji labari an fara sayar da kayan masaƙar ga masu sayen tsohon ƙarfe, har da manyan gangunan tagulla da ake sassaƙa zane a jikinsu. Ta ce in raka ta ta karɓo takardunta kafin su ma a yi waje da su. Maigadin ya san ta, ya buɗe mana ba musu, ya ce dai mu yi hankali da matakala. Iska ta yaye rabin rufin benen tun damina biyu ko uku da suka wuce, ba wanda ya gyara. Tattabaru sun yi gida a ɗakin zane. A ƙaramin ɗakin kuwa, da ta ja ƙofar kabad ɗinta sai ƙofar ta biyo hannunta. Takardun sun jiƙe sun bushe, sun sake jiƙewa, har sun manne sun zama dunƙule guda kamar tubali, fentin ya narke ya gauraye ya koma ruwan ƙasa, gara kuma ta ci ta ciki. Ta yi ƙoƙarin ɓare ɗaya da farce, ta farfashe mata a hannu. Ta goge hannun a jikin bango muka sauko. A hanya ta tambaye ni ko na ci abinci.

Babanmu ya dawo da ita gidanmu, ya ba ta ɗakin baya. Ta nemi aiki wurin masu buga takardu da masu rubuta allunan shaguna, kowa ya ce mata yanzu da kwamfuta ake yi. Daga ƙarshe wani tela a layinmu ya riƙa aiko mata da kaya tana yanke zare tana ɗinka maɓalli. Haka shekaru suka wuce. Ta daina tsayawa a hanya, don ta daina fita ma. Ni kuma na gama karatu na samu aiki a wani kantin magani, ina zaune a gida har lokacin.

Sai wata ranar Asabar wata matashiya ta yi sallama a gidanmu da leda a hannu. Ta ce tana da shagon kayan sawa da 'yar ma'aikatar da ake buga yadi da hannu. Ta zaro wani tsohon zanen ɗaurawa daga ledar, ya koɗe a wurin ninki amma shuɗinsa na nan. Hanyar Tururuwa ce. Ta ce a akwatin kakarta ta same shi bayan rasuwarta, ta kasa ajiye shi, ta yi ta tambaya daga tsofaffin 'yan kasuwa zuwa tsofaffin ma'aikata har aka kwatanta mata gidanmu. Gwaggo ta karɓi zanen ta shafa shi, ta kai shi kusa da fuskarta sosai. Na ɗauka shanshana shi take yi. Ban kawo komai a raina ba.

Mai shagon ta nemi izinin sake buga wannan, ta kuma ce tana son sababbi, duk abin da Mama ta ga dama. Mama take ce mata. Washegari ta aiko da takardu masu kauri da fenti da buroshi sababbi fil.

Ban taɓa ganin mutum ya farfaɗo haka ba. Gwaggo ta sa aka fito mata da tebur baranda, ta sa bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa na baya don ya karkace. Ta sallami tela. Ta koma tashi da wuri, tana wa jikokin babanmu tsawa in sun zo kusa da kwalabenta, har waƙa muka ji tana yi ƙasa-ƙasa. Babanmu ya ce tun rasuwar mijinta bai ga haƙoranta ba sai yanzu.

Da ta gama na farko ta kira ni in gani. Na tsaya a kansa na duba. Layukan da a da suke siriri kamar gashi sun yi kauri sun hau juna. Inda ya kamata a ga fari sai wani dafaffen launi. Ja da ruwan ƙasa sun cakuɗe. Shuɗin kuwa ta lafta shi, ta sake laftawa, har yana ɗaukar ido kamar fentin ƙofar shago. Da na ninka takardar in ga ko bakin ya haɗu, bai haɗu ba, akwai tazarar da yatsa zai shiga.

Na jira har ta yi na biyu da na uku, ko hannu ne bai warware ba. Duk haka suke. Sai na faɗa mata, a hankali yadda zan iya. Na ce shuɗin ya yi ƙarfi, kuma ina jin ya kamata a duba mata ido.

Ta ajiye buroshi ta juyo.

"Tun ba a haife ki ba nake haɗa launi," in ji ta. "Ke je ki ƙirga ƙwayoyin maganinki. Fentin yanzu ne ba shi da rai, sai ka danna shi kafin ya yi magana."

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba. Babanmu ya kira ni gefe ya ce in ƙyale ta, tunda abin yana sa ta cin abinci, mene ne nawa a ciki. Na ce masa mai shagon za ta gani ai. Ya ce in ta gani ita ta faɗa.

Ta kuwa gani. Ta zauna a baranda tana ɗaga takardun ɗaya-ɗaya, fuskarta na sauyawa tana ƙoƙarin ɓoyewa. Yarinyar kirki ce, ba ta yi ƙarya ta ce sun yi kyau ba. Ta ce siffofin suna da ban sha'awa, za ta tafi da biyu ta gwada. Da ta dawo karo na biyu ta tarar da ƙari irinsu, sai ita ma ta kawo zancen asibitin ido, har ta ce ita za ta kai ta a motarta. Gwaggo ta ce ashe mun haɗa baki da ita. Ta tattara takardunta ta shige ɗaki ta bar baƙuwa a zaune.

Daga nan mai shagon ta rage zuwa, sannan ta daina. Tsohon zanen dai ta kwafe shi daga jikin zanen kakarta ta buga, ya kuma samu karɓuwa. Ta aiko wa Gwaggo da haƙƙinta da riga guda da aka ɗinka da shi, ta sa aka rubuta sunan Gwaggo a gefen yadin. Gwaggo ta ce in karanta mata wurin, wai rubutun ya yi ƙanana. Ta ninke rigar ta sa a akwati.

Amma ba ta daina zanen ba. Ta ce yarinyar ce ba ta da ido tukuna, ran da ta yi hankali za ta dawo, kuma za ta tarar da aiki a shirye. Da fentin ya ƙare ta sa aka sayo wani. Sama da shekara tana yi, kullum, har takardun suka yi tsiri a kan akwatinta. Tana aikin fuskarta kusan a manne da tebur. Ta fara zuba ruwa a gefen kofi, tana gaishe da mutum da sunan wani. Duk mun gani, kuma duk wanda ya yi magana sai ta yi fushi da shi.

Matakalar baranda ce ta kawo ƙarshen gardamar. Wata safiya ta taka inda ta ɗauka akwai dakali, babu, ta faɗi a kan hannunta na dama. Ƙashin wuyan hannun ya karye. A asibiti, bayan an ɗaure hannun, likita ya haska mata fitila a ido ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, ta daɗe kuwa. Ya bayyana mana cewa yanar ido takan sa mutum ya riƙa ganin duniya kamar ta cikin ruwan shayi: fari ya koma rawaya, shuɗi ya dushe ya koma toka-toka. Ya ce aiki ne mai sauƙi, za a fara da na dama, in ya warke a yi na hagu. Wannan karon ba ta yi musu ba, ciwon hannun ya sanyaya mata jiki.

Ni na raka ta ranar da aka cire mata bandeji. Ta ƙifta ido ta ƙifta, sai ta kama rigar ma'aikaciyar jinya da hannunta mai lafiya tana tambaya ko dama can fara ce haka. A cikin tasi ta manne da taga kamar yarinyar da aka fara kaiwa birni. Ta ce an wanke sama. Ta nuna mini wata motar haya, da bokitin roba a kan wata mata, da ganyen wata bishiya, tana faɗin launin kowanne da abin da za a haɗa a same shi. Direban har dariya yake yi yana taya ta. Ta kalle ni ta ce ashe na yi furfura a gaban goshi ba wanda ya gaya mata.

Muna shiga gida ta ce a fito mata da takardunta tsakar gida inda haske yake.

Na so in ce ta huta tukuna, amma ba dalilin da zan bayar. Na ɗauko su na ajiye mata a kan tabarma. Ta ɗaga ta farko ta kalla. Ta ajiye ta ɗaga ta biyu. A ta uku ta ɗago kai.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

Babanmu na tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ta sake duba takardar, ta juya ta ta ga alamar da take sawa a baya da hannunta. Sai ta sa tafin hannu ta rufe idon dama, wanda aka yi wa aiki, ta kalli zanen da na hagu. Ta daɗe a haka. Ta buɗe, ta sake rufewa. Daga baya ta gaya mini cewa da na hagun komai daidai yake, shuɗin a kwance yake lafiya lau, launukan suna zaune da juna yadda ta so. Ta bi takardun nan duka har ƙarshe, kowacce sai ta kalle ta da ido ɗaya sannan da ɗayan. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta tambaye ni ko haka mai shagon ta gan su. Na ce haka ta gan su. Ta ce to, in mayar da su ɗaki.

Da aka kwance mata hannu ta gwada sau ɗaya. Ƙashin ya haɗe amma wuyan hannun ya sandare, yatsun kuma suna rawa in ta riƙe abu siriri. Ta haɗa launi, ya fito daidai, irin na da. Ta ja layi ya karkace. Ta ja wani ya yi tsalle a tsakiya. Yanzu idonta yana ganin kowace karkata tun kafin buroshin ya bar takarda. Ta yi ta gwadawa har rana ta bar baranda, sannan ta wanke buroshin ta ce a ba yara fentin su yi wasa da shi. Na ce bari in kira mai shagon in gaya mata ido ya buɗe, ko za a samu wani ya riƙa zanawa ita tana faɗa masa. Ta ce in na kira ta ba za ta sake yi mini magana ba.

Lokacin aikin ido na hagu ya yi, ta ce ba za ta je ba. Babanmu ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya sake lallashi. Da na matsa mata na kai ta a duba ta, likita ya ce in an bar yanar za ta yi tauri, idon zai mutu gaba ɗaya, kuma aikin zai ƙara wuya. Ta saurare shi har ya gama, ta gode masa.

"Likita, na dama ya ishe ni ganin hanya," ta ce. "Na hagun ku bar mini shi."

Ya kalle ni ko zan yi masa bayani. Na ce masa za mu sake shawara a gida.

Ba mu sake ba. Tana nan a ɗakin baya. Telan ya samu wata mai ɗinka masa maɓalli, ko da ma hannun ba zai iya ba. Tana cin abinci in an kai mata, tana amsa gaisuwa, ba ta faɗa da kowa. Da farko, in na wuce ta ƙofarta da hantsi, nakan gan ta zaune a bakin gado da takarda a cinya, tafin hannunta a kan idon dama. Amma yanar ta ci gaba da kauri kamar yadda likita ya faɗa. Watannin baya ta ce mini da na hagun yanzu ba ta bambance komai sai haske da duhu. Tun daga lokacin takardun suna kan akwati, ta rufe su da tsohon zanin gado saboda ƙura.